Me Ya Sa Dashenmu Ba Ya Ganin Damina ta Biyu?

Duk shekara idan damina ta kankama, sai ka ji an ƙaddamar da gangamin dashen bishiyoyi. A Nijar, ranar 3 ga Agusta da ƙasar ta samu 'yancin kai ita ce kuma ranar bishiya tun 1975. A jihohin arewacin Najeriya ma kusan a wannan tsakanin ake fito da dashe dubbai, a raba wa makarantu da masallatai da unguwanni, a jera wasu a gefen titi. Niyyar mai kyau ce, kuma kuɗi da gumi suna shiga ciki. Amma mai son sanin inda aikin ya kwana, ya koma wurin a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da ƙasa ta yi zafin da ba a taka ta sai da takalmi. A wurare da yawa abin da zai tarar shi ne ramuka a jere, da busassun tsinkaye a tsakiyarsu, wasu ma awaki ba su bar ko tsinken ba. Wannan abin yana damuna, domin shekara mai zuwa za a sake komawa ramukan nan a dasa wasu, a kuma ƙidaya su a matsayin sababbi.

Idan ka tambayi dalili, amsar da za a ba ka ita ce rashin ruwa. Akwai gaskiya a ciki. A ƙasar Hausa ruwan sama na wata huɗu ne, wani wurin ma uku, sauran watannin kuwa ko ɗigo babu. To amma a cikin wannan ranin ne aduwa da magarya da kalgo da gawo suke tsirowa da kansu a daji, ba mai ba su ko moɗa guda, kuma su rayu. Ke nan akwai abin da tsiron daji yake da shi wanda dashen leda ya rasa.

Saiwa ce. Ƙwayar da ta faɗi ta tsiro a inda take, ƙarfinta na farko cikin ƙasa take zuba shi. Kafin ganye ya kai taƙi guda a sama, uwar saiwar ta nutsa ninkin haka tana bin danshi, har idan ruwa ya ɗauke saman ƙasa ya bushe, ita ta riga ta isa inda ake sha. Wanda aka yi rainonsa a leda kuwa, saiwarsa tana sauka sai ta ci karo da gindin ledar, ta fara naɗewa tana zagaye kanta kamar gammo. In ya daɗe a haka, ko an kai shi rami mai kyau saiwar ba ta warwarewa, tana nan a dunƙule cikin 'yar ƙasar da ta saba da ita. Da damina ba a gane komai, ganye kore shar. Sai hunturu ya shigo sannan asirin ya tonu.

Shi ya sa zaɓin da yawancinmu muke yi a wurin masu sayar da dashe baya-baya ne. Idonmu yana kan wanda ya fi tsawo da yawan ganye, alhali sau da yawa shi ne wanda ya fi daɗewa a leda. Ni ma na taɓa sayen mangwaro biyar masu tsawo, ina murna na samu waɗanda suka yi nisa. Uku suka bushe a bazarar farko, da na tono ɗaya na tarar da saiwar a naɗe yadda ta fito daga leda, ko yatsa guda ba ta shiga sabuwar ƙasar ba. Dashen kirki gajere ne mai kaurin kara, wanda tsawonsa bai wuce na ledarsa sau biyu ba, kuma in ka ɗaga shi ba za ka ji saiwa ta huda leda ta kama ƙasa ba. Ranar dasawa a sa reza a yanke gindin ledar kamar kaurin yatsa, don a datse abin da ya fara naɗewa, a tsaga gefe, a zare ledar gaba ɗaya ba tare da dunƙulen ƙasar ya wargaje ba. Har yanzu akwai masu binne dashe da ledarsa, suna cewa za ta ruɓe. Leda ba ta ruɓewa a cikin shekarun da bishiyar ke buƙatar miƙe ƙafa.

Akwai kuma wani mataki da ake tsallakewa. Tsiron da ya tashi a inuwar rumfa, ana ba shi ruwa safe da yamma, in aka ɗauke shi rana ɗaya aka jefa shi fili, gigicewa yake yi. Mako biyu ko uku kafin a dasa ya kamata a riƙa janye inuwar kaɗan-kaɗan, a rage ruwan, ya ɗanɗani irin rayuwar da ke jiransa.

Sai lokaci. Agusta wata ne na ruwa sosai, amma dashen da aka yi a cikinsa, musamman ƙarshensa, sauran mako biyar ko shida ne kawai ya rage masa kafin sama ta ɗauke, a Maraɗi da Damagaram da arewacin Katsina da Yobe ma wani lokaci bai kai haka ba. Mako shida ba ya isar saiwa ta yi nisa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da zarar ruwa ya zauna, aka tona ƙasa aka tarar da jiƙa ta kai kamu guda, wanda a yawancin shekaru yakan faɗo tsakanin ƙarshen Yuni da tsakiyar Yuli. Mai yin haka ya ba bishiyarsa wata biyu zuwa uku na ruwan Allah kyauta. Ranar biki tana da amfaninta wajen tunatar da jama'a, ban ƙi ba, sai dai babban dashen ya kamata a ce ya riga ya kama ƙasa kafin a kafa rumfar taro.

Ramin ma tun kafin ruwa ya sauka ake haƙa shi, kamu ɗaya faɗi kamu ɗaya zurfi, ko fiye in ƙasar mai tauri ce. A ware ƙasar sama daban domin ita ce mai rai, a cuɗa ta da takin gargajiya wanda ya ruɓe ya huce, a mayar da ita gindin ramin. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana ɗaukar zafi sa'ad da yake ruɓewa, kuma yana ƙona sabuwar saiwa. Haka takin zamani: zuba yuriya ko NPK a jikin saiwar ƙaramin dashe kisa ne. In za a ba shi, sai ya kama ya fitar da sabon ganye, a barbaɗa kaɗan a kewaye nesa da gindi, ƙasa tana da danshi. Wuyan tsiron kuma, wato inda kara ya haɗu da saiwa, ya tsaya daidai da bakin ƙasa yadda yake a leda. Mutane suna ganin zurfafawa gata ne, amma karan da aka binne ruɓewa yake yi a hankali.

A jigawa haƙa rami ba wuya. Matsalar tana kan fako, ƙasar nan da ta daskare ta yi santsi, ruwa ya zuba a kanta ya wuce kamar an zuba a bayan ƙwarya. A nan ne manoman Sahel suka yi abin koyi. A yankin Yatenga na Burkina Faso, Yacouba Sawadogo ya ɗauki tsohuwar dabarar haƙa ƙananan ramuka da ake kira zai, ya faɗaɗa su, ya riƙa zuba taki a ciki tun da rani, har ya mayar da fako daji a kusa da garin Wahiguya. A ƙarshen shekarun 1980 wasu manoman Illela ta jihar Tawa suka je suka gani da idonsu, suka dawo da dabarar gida, inda ake ce mata tassa. 'Yar uwarta ita ce rabin wata: a haƙa kwari mai siffar jinjirin wata, bakinsa yana fuskantar inda ruwa ke gangarowa, a tara ƙasar a bayansa ta zama tudu, a dasa a ciki. Hikimar duka ɗaya ce, a tare ruwan da zai gudu a tilasta masa nutsewa a gindin tsiron. Ko mai bishiya guda a tsakar gida zai ci moriyar wannan in ya yi mata ɗan kwari a kewaye.

Ban ruwa da rani shi ne inda masu ƙoƙari ma suke kuskure. Mai zuba kofi guda kowace safiya yana jiƙa saman ƙasa ne kawai, saiwa kuma inda ruwa yake nan take zuwa, sai ta taru a sama inda rana ke gasa ta. Ranar da ya yi tafiyar kwana huɗu, ya dawo ya tarar da bishiyar ta sunkuya. Bokiti cike sau biyu a mako, a zuba a hankali ya nutse, ya fi wannan nesa ba kusa ba, domin yana jan saiwar ƙasa. A laka ko fadama ma a rage, saboda ruwan da ya kwanta yana hana saiwa numfashi, kuma ganyen da ya yi ɗorawa yana zubowa alhali ƙasa jiƙe take, yawan ruwa ne ya dame shi, ƙara masa kuwa ƙarasa shi ne. Kafin a zuba a tura yatsa cikin ƙasa a ji.

Wata dabara mai sauƙi da nake so a ce ta yaɗu ita ce binne tulu. A samu tulun ƙasa irin na masu ginin tukwane, a binne shi har wuya kusa da dashen, a cika shi a rufe bakin. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin tulun kai tsaye zuwa inda saiwa take, rana ba ta shan komai. In babu tulu, gorar roba da aka huda da allura tana ɗan maye gurbinsa. Sannan a lulluɓe gindin da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi ko ganye, don ƙasar ta riƙe sanyi. Gidan da ake kukan ba ruwan ban bishiya kuma, a duba inda ake alwala. Ruwan da ke zuba a wurin sau biyar a rana ya ishi lemo ko gwaiba, in an yi masa 'yar hanya. Ruwan wanki mai omo da bilic ne bai kamata ya je gindin ƙaramin tsiro ba.

Gara tana shan zagi fiye da laifinta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mafi yawan lokaci dashen da ƙishi ko rauni ya riga ya galabaitar shi take afka wa, ko da yake akwai irin su itacen turare da take ƙauna tun suna lafiya. A cikin tassa ma gara ma'aikaciya ce, ita ke huda ƙasa tana bin taki, ruwa ya bi hanyoyinta ya sauka. Abin kiyayewa shi ne kada ciyawar da aka lulluɓa ta taɓa karan, a bar tazarar yatsa huɗu, a kwashe busassun itace daga ramin, a riƙa barbaɗa toka a kewaye.

Babban makashin dai ƙafa huɗu gare shi. Da an gama girbi aka saki dabbobi, duk wani abu kore da ya rage a fili ya zama na awaki, kuma dashen bana shi ne kore kaɗai da bakinsu ke kai wa. Akuya ba ta tsaya ga ganye ba, tana cire kan tsiron, ta ɓare ɓawon. Ciza ɗaya tana mayar da aikin wata uku baya, ciza uku ta gama da shi. Kariyar da za ta yi aiki dole ta fi tsawon akuya in ta miƙe a ƙafafun baya, ta kafu yadda ba za a ture ta ba, ta kuma bar iska da haske su shiga. Ƙayar magarya ko bagaruwa tana yi, bulo da aka jera da tazara yana yi, ragar waya tana yi. Dannin kara ba ya kai bazara, ko dai dabbobi su ci ko gara ta ci. Kuma ba rani ɗaya ake tsaro ba, biyu ne ko uku, har kan bishiyar ya wuce bakin dabba. A nan ne lissafin gangami yake karyewa: kuɗin kare dashe guda da shayar da shi ya ninka kuɗin sayensa sau da yawa, amma kasafin yakan ƙare ne a kan saye da rabawa.

Duk waɗannan abubuwan da na lissafa, wani ne zai yi su, a watan da ba kowa a wurin, kuma ba wanda zai ɗauki bokiti a zafin Afrilu saboda bishiyar da ba tasa ba. Abin da ya faru a Maraɗi ya nuna haka ƙarara. Wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi shekaru yana rainon dashe yana rabawa a ƙauyuka, mafi yawa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan kurmin da ke warwatse a gonaki, waɗanda ake sassabewa kowace shekara kafin shuka, tofon kututturan tsofaffin bishiyoyi ne da saiwarsu ke nan da rai a ƙasa. Saiwar da ake wahalar neman dashe ya yi, ga ta nan an riga an yi ta shekaru aru-aru. Abin da ake buƙata kawai shi ne a zaɓi tofo mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar a kowane kututture, a sare sauran, a rage rassan ƙasa da wuƙa mai kaifi ana yankawa daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage, a bar shi ya tashi. Manoma suka sa masa suna sassabin zamani.

Dabarar ba ta karɓu nan take ba. A yunwar 1984 an haɗa ta da rabon abinci, mutane suka bar itatuwa a gonakinsu, amma da rabon ya ƙare da yawa suka koma suka sare. Dalili ɗaya shi ne doka: tun zamanin Faransa itatuwa a hannun hukuma suke, mutum zai iya cin tara don ya sari reshen bishiyar da ke tsakiyar gonarsa, don haka tumɓuke tsiro tun yana ƙarami ya fi masa kwanciyar hankali. Sai da riƙon ya sassauta, manomi ya tabbata itacen girki da abincin dabba da 'ya'yan da bishiyar za ta bayar nasa ne, sannan abin ya bazu daga gona zuwa gona ba tare da an raba ko leda guda ba. Dokar karkara ta 1993 da dokar gandun daji ta 2004 sun taimaka, a 2020 kuma gwamnatin Nijar ta fitar da doka ta musamman kan wannan aikin. Ƙauyuka irin su Ɗan Saga a yankin Agye suka kafa kwamitocin sa ido kan masu saran dare. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta kimanin hekta miliyan 5 da bishiyoyi wajen miliyan 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2018 aka ba Rinaudo da Sawadogo kyautar yabo ta duniya mai suna Right Livelihood a shekara guda.

A kwatanta wannan da shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda aka fara tsara shi a matsayin zirin bishiyoyi mai tsawon kusan kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti. Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015, yana kuma aiki a jihohi 11 na arewa. Burin shi ne gyara hekta miliyan 100 kafin 2030, amma rahoton da aka fitar a 2020 ya nuna abin da aka cimma a yankin shirin bai wuce kimanin hekta miliyan 4 ba. Masu shirin da kansu sun sauya tunani, sun bar batun ganuwar dashe zalla sun koma ga gyaran ƙasa da irin dabarun manoman nan. Ina ganin wannan sauyin daidai ne, kuma ya kamata ya sauko har matakin ƙaramar hukuma da makarantar firamare. Dashe ɗari da kowanne yake da mai shi, ɗalibi ko magidanci ko mai shagon da zai sha inuwarsa, ya fi dubu goma da aka jera a filin da ba na kowa ba. In za a biya lada, a biya a kan wanda aka tarar da rai a watan Mayu. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito kan falalar dashe ma ya rataya sadakar ne ga abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga gare shi, kuma bishiyar da ta rayu ita ake ci.

Wannan ba ya nufin a daina dashe. Inda aka tumɓuke kututture da garmar tarakta, ko cikin gari, ko inda ake son mangwaro da lemo da kashu, ba makawa sai an dasa. Kwarin Majiya a jihar Tawa shaida ne: tun 1975 aka fara jera darbejiya don tare iska, kuma ta kama saboda an sa masu gadi sun tsare ta daga dabbobi a shekarun farko. Sai dai a daidaita bishiya da wurinta. Mangwaro a tudun jigawa da ba rijiya kusa wahala ce, alhali kuka da tsamiya da aduwa da magarya da zogale za su jure. A cikin gona kuwa ba kamar gawo, mai zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi kore da rani ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, ƙasar gindinsa kuma ta fi ta ko'ina albarka. Darbejiya ta yi wa garuruwanmu rana, amma daga Indiya aka kawo ta, kuma ba dole ne kowane rami ya zama nata ba.

Mai dashen aure, irin mangwaro ko lemon da aka ɗaura wa reshen iri mai kyau, yana da ƙarin aiki biyu. Duk tofon da ya fito ƙasa da wurin ɗaurin a cire shi da wuri, in ba haka ba gindin zai rinjayi auren, a wayi gari bishiyar ta koma ta gargajiya. Furen da ya fito a shekarar farko da ta biyu kuma a tsinke shi, ko da zuciya ba ta so, domin ƙaramar bishiyar da aka bari ta ɗauki 'ya'ya tsumburewa take yi.

Raino kuma yana da yaye. Ban da masu 'ya'ya irin lemo da gwaiba da za su ci gaba da neman ruwa muddin ana son su haihu da kyau, itatuwan ƙasarmu ba sa buƙatar bokiti har abada. A ranin farko sau biyu a mako, a na biyu a buɗa tazara zuwa sau ɗaya a mako ko kwana goma, ana ƙara yawan abin da ake zubawa, ana kuma matsar da kwarin waje zuwa daidai inda inuwar rassa ta tsaya, tunda can ne bakin saiwa ya koma. In aka kai bazara ta uku, bishiyar ta yi mako biyu ba ruwa kuma da asuba ganyenta a miƙe yake, to ta kai ga danshin ƙasa da kanta. Daga nan sai a ɗauke tulun a kai shi gindin dashen bana, ƙayar kuma a bar ta sai kan bishiyar ya wuce tsawon mutum.